Wai mutum inji ne kawai?

Mai gyaran waya:
Salamu alaikum 'yan uwa, wata magana ce ta tsaya min a rai tun jiya. Ina gyaran waya a Computer Village, kasuwar waya ta Ikeja a Legas, wani kwastoma ya tsaya a kaina na buɗe wayarsa ina canza batir sai ya ce ai ɗan Adam ma haka yake, ƙwaƙwalwa ce ke aiki da lantarki, so da tsoro da imani duk sinadarai ne, ran da caji ya ƙare shikenan. Na kasa ba shi amsa. Amma wallahi ranar da aka bugo min daga gida aka ce Inna ta rasu ina cikin motar haya ta danfo a gadar Third Mainland, goslo ya riƙe mu, kwandasta na ta ihun canji ni kuwa ina kallon ruwa, abin da ya danne min ƙirji ranar babu wayar da na taɓa buɗewa na gan shi a ciki. To mene ne shi?

Malam na Agege:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta. Ɗan uwa tambayar nan an yi wa Manzon Allah (SAW) ita, duba Suratul Isra'i aya ta 85, ruhi yana daga al'amarin Ubangiji kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Imam Gazali da ya rasu a 1111 ya raba zuciya biyu, akwai tsokar nan ta hagun ƙirji wadda ko akuya na da ita, akwai kuma wadda ke sani, ke nadama, ke jin kunyar Allah.

Nas Idi-Araba:
Yaya ni aikin jinya nake kuma gaskiya mutumin nan ba duka ya yi ƙarya ba. Ƙwaƙwalwa na da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, allurar barci ta tiyata na shiga sai ka ga ƙaton mutum ya ɗauke kamar an kashe fitila. Sai dai na'ura layi take nuna mana a gilashi, ba ta nuna yadda zafin yake ga mai shi, dole sai mun tambaye shi. Ko Turawan ba su gama da tambayar yadda ƙwaƙwalwa ke haifar da abin da mutum ke ji a ransa ba, masanin falsafa David Chalmers tun 1995 yake ce mata matsala mai wuya. Dattijuwa ɗaya a dakinmu ba ta gane 'ya'yanta amma ka ja Fatiha sai ta ƙarasa, hannunta cikin nawa.

Ɗan kara:
Descartes, masanin falsafa na Faransa, ma haka ya ce wai dabbobi injina ne. Da ma a ce ya zo karar shanu ta Oko-Oba ya ga saniyar da aka raba da ɗan maraƙinta, kwana take tana kuka ta ƙi cin dusa.

Mai gyaran waya:
Amin Malam, na gode muku. Anti nas maganar dattijuwar nan ta sa ni hawaye a shago. Ran Asabar zai dawo da wayar matarsa, zan zaunar da shi mu yi maganar a tsanake.