Kwashe-duka da matso-kusa: neman sunan makirufo biyun nan da Hausa

Shekaranjiya ƙanwata ta turo min saƙon murya. Ta fara karanta littattafan Hausa tana sawa a YouTube, kuma ɗauka da waya ta ishe ta. Ta ce, "Yaya, wace lasifika zan saya?" Na ce lasifika kuma? Ji za ki yi ko ɗauka? Ta ce ɗauka mana. Na danna zan yi mata bayani, ban kai minti ɗaya ba na ji rabin abin da ke fita bakina Turanci ne. Na goge saƙon. Tun ranar nake juya maganar, shi ne na ce bari in kawo ta gabanku, 'yan'uwa masu ɗora murya a gida.

Ita dai lasifika ba laifin ƙanwata ba ne. A masallaci idan aka ce a miƙa wa liman lasifika, ba wanda zai hau hasumiya ya kwanto mai fitar da sauti. Kowa ya san abin magana ake nufi. Amma je ka shago ka ce a ba ka lasifika, za ka dawo gida da abin jin waƙa. Amsa-kuwwa ma ba za ta yi ba, don ita ce sunan dawowar murya daga bango, wato babbar abokiyar gabar mai ɗaukar murya a ɗakin siminti. Na so "maɗaukin murya", ya zauna daidai da mabuɗi da magogi, sai dai rikoda ma maɗaukin murya ce. Don haka na haƙura: makirufo a rubutu, mayik a baki. Ya riga ya zama ɗan gida.

Inda gizo ke saƙar shi ne ire-irensa biyu da kowane mai saye zai ci karo da su, waɗanda 'yan kasuwa ke kira kwandensa da dainamik.

Duka biyun suna da tantani, kamar fatar kalangu, wanda murya ke girgizawa. A dainamik, an manna wa tantanin naɗin siririyar waya da ke zaune cikin maganaɗisu. Tantani ya motsa, waya ta motsa, 'yar wuta ta samu, shi ke nan. Ba ya neman wuta daga ko'ina. Abin dariyar ma, ginin lasifika ke nan aka juya baya, ka ga ashe masu haɗa sunan ba su yi nisa da gaskiya ba. Shi kuwa kwandensa, tantaninsa ya fi siranta nesa ba kusa ba, yana tsaye dab da wani farantin ƙarfe da ba ya motsi, kuma canjin ɗan tsakanin da ke tsakaninsu shi ne ke zama sauti. Wani injiniya a Amurka, E. C. Wente, shi ya ƙirƙiro shi a 1916. Wannan sai an ba shi wuta yake aiki.

Da na kawo maganar a majalisarmu, wani abokina mai gyaran rediyo ya ce ai an gama: a ce "mai maganaɗisu" da "mai faranti biyu". Ban musa masa ba, sunayen gaskiya ne, kuma idan darasin kimiyya za a rubuta su zan ɗauka. Amma ƙanwata ba buɗe cikinsa za ta yi ba. Abin da take son sani shi ne wanne zai yi mata a ɗakinta. Fassarar kai tsaye kuwa ta fi muni. Ka ce wa dainamik "mai kuzari", kwandensa kuma "mai tattarawa", mai saye zai ɗauka na farkon ya fi ƙarfin ɗauka, alhali akasin haka ne. Kalmar kwandensa ma tana da masu ita, tambayi mai gyaran firji ka ji abin da zai nuna maka.

Sunan da nake so daga ɗakina na samo shi. Makirufona na farko kwandensa ne mai araha, irin mai ruwan zinaren nan da ke sheƙi a kwali. Na kafa shi a kan tebur, na rufe ƙofa, na karanta tallar daƙiƙa 30. Da na sa abin ji a kunne, sai ga duniya duka a ciki: janaretan maƙwabci, hon ɗin a-daidaita-sahu daga bakin titi, wani zakara da ban ma san da shi a layinmu ba, har ƙarar ludayi a tukunya daga kicin. Muryata kuma tana yawo kamar a cikin rijiya nake. Na kunna wa maiɗakina, ta saurara, ta ce, "Wannan ai magulmaci ka sayo." Wata uku na yi ina tashi ƙarfe biyun dare, in kashe fanka a tsakiyar bazara, in karanta ina share gumi.

Magulmaci ya yi daɗi a baki, amma ba za ka rubuta wa mai ba ka aiki cewa da magulmaci ka ɗauki tallarsa ba. Shi ya sa na ce kwashe-duka. Ɗayan kuma, tunda ba ya ba ka murya mai kauri sai bakinka na dab da shi, matso-kusa. Hausa ta saba da irin wannan raɗin suna, inda ake kiran abu da halinsa: a-kori-kura, tafi-da-gidanka, ka-fi-zabo. Ba wanda ya taɓa tambayar me ke cikin injin a-kori-kura kafin ya gane motar.

Sai dai in faɗi wata gaskiya kafin masana su faɗa min. Matso-kusa ba shi da wani asirin tantance murya daga hayaniya. Yawancin amfanin daga matsowar yake zuwa. Duk sanda ka rage tazarar bakinka da makirufo da rabi, muryarka na ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), janareta kuwa yana nan inda yake. Daga santimita 20 zuwa 5, ka samu kusan 12 kyauta. Sai ka rage ƙarfin ɗauka, hayaniyar ta nutse. Ka ga sunan ma ya zama umarni: wanda ya sayi matso-kusa ya tsaya nesa da shi, kuɗinsa ya zubar.

A dangin matso-kusa akwai Shure SM58, wanda ke hannun mawaƙa tun 1966, da ɗan'uwansa SM7B da ake gani gaban masu hira a intanet, amma shi wannan yana son akwatin haɗa makirufo da kwamfuta mai ƙarfin ɗaga sauti. Akwai Samson Q2U mai ƙofa biyu, USB da XLR (ƙofar igiyar makirufo mai zuwa akwatin), wanda za ka soka kai tsaye a kwamfuta yau, gobe ka koma da shi kan akwati. A dangin kwashe-duka akwai Audio-Technica AT2020, da Rode NT1, har zuwa Neumann U87 na manyan situdiyo. In ɗakinka tayil ne da siminti da rufin kwano, ni matso-kusa zan ce. In kuwa kana da lungun da ka kewaye da katifa da barguna, ko za ka iya shiga tsakanin kayan da ke rataye a wadurof, kwashe-duka zai fito da laushin murya da numfashin da mai karanta labari ke so.

Akwai 'yan rakiya biyu da na riga na raɗa wa suna. Zagayayyen ƙyallen da ake sawa tsakanin baki da makirufo, rariyar iska nake ce masa: murya ta wuce, iska ta tsaya. Mu kam muna buƙatarta, saboda "f" ɗinmu da leɓɓa biyu muke hura ta. Sa tafin hannunka gaban bakinka ka ce "famfo", sannan ka ce "ɓera". A na farko za ka ji iska ta buge ka, a na biyu shiru. Wannan bugun shi ne "buf" ɗin da ke ɓata ɗauka. Tawa ta farko da safar mata da wayar rataye kaya na haɗa ta, kuma ta yi aiki.

Na biyu ita ce wutar da kwashe-duka ke ci. Turawa fatalwa suke ce mata, don ba ta da wayarta daban, cikin igiyar XLR ɗin da sauti ke bi take bi. Wani ya ce mu ce "wutar fatalwa". Na ce a'a, kada wata ta ƙi danna maɓallin da daddare. A jikin akwatin 48V aka rubuta, to mu ce wutar 48, ido ya ga abin da baki ya faɗa. Mai USB ba ruwansa da wannan, daga kwamfuta yake shan tasa.

Na sake yi wa ƙanwata saƙon. Na ce, "Ɗakinki na kallon titi, ki sayi matso-kusa mai USB, ki sa masa rariyar iska, tsakanin bakinki da shi kada ya wuce yatsu uku." Ba ta tambaye ni ma'anar ko ɗaya ba, farashi kawai ta tambaya.

Wanda ya gagare ni shi ne akwatin nan da na yi ta ambata, irin su Focusrite Scarlett, mai zama tsakanin makirufo da kwamfuta yana juya murya ta koma lambobi. Na gwada "tafinta", na gwada "ɗan tsakani", na gwada "dillali", kowanne sai in ji da saura. Malamai da 'yan situdiyo, me kuke ce masa a wajenku?