Abin da na tsinta a hirarmu kan Turancin zuciya

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Agege a Legas hira ta juya kan kalmomin Turanci na bayyana abin da ke rai, wallahi na ƙaru, bari in taƙaita muku.

Inda aka fi daɗewa shi ne kunya. Mu kalma ɗaya ce, Turawa kuma sun rarraba ta, shy ga mai nauyin baki cikin mutane, embarrassed in ka yi tuntuɓe gaban jama'a ko ka manta sunan baƙo, ashamed kuwa sai ka aikata abin da kai kanka ka san bai dace ba. Wani ɗan'uwa mai tumatir a kasuwar Mile 12 ya ce ya taɓa ce wa kwastoma I am ashamed don kawai ba shi da canji, matar ta tsaya tana kallonsa kamar ya amsa laifin sata.

Fushi ma hawa-hawa ne, irritated ɗan haushi ne irin na gosulo, furious rai ya ɓaci matuƙa, resentful kuma mai riƙo a zuci. Masu aikin ofis suka ce a kula, in an kira ka assertive yabo ne, kana faɗin haƙƙinka cikin ladabi, aggressive kuwa kushe ne.

Ni shawarar wani malaminmu na ɗauka, ya ce kar mu yi ta hadda, kalma 2 a rana ta isa, ka rubuta jimla da kowacce a waya ka gwada ta a hira kafin ka kwanta.