Windows 10 ta daina samun sabuntawa: in sayi sabuwar kwamfuta ko in riƙe tawa?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Kwamfutata mai Core i5-7200U ce, RAM ɗinta 16GB, na kuma sa mata SSD. Aikina bai wuce rubutu da lissafi a Excel da shiga intanet ba, kuma kafin in gyara zama a kujera ta gama tashi. Sai ga shi daga 14 ga Oktoba 2025 Windows 10 ta daina samun sabuntawar tsaro, ita kuma Windows 11 daga zubi na takwas na processor ɗin Intel take karɓa, tawa ta bakwai ce. TPM 2.0, na'urar tsaron nan da Windows 11 ke buƙata, ma akwai shi, na duba da idona. Yanzu don Allah na'urar da ko tari ba ta yi, sai in jingine ta in nemo kuɗin wata?

Injiniya Sadiq:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam, kwamfutar ba mutuwa za ta yi ba. Kamar gida ne da mai gadi ya ajiye aiki: ginin na nan, amma duk kafar da aka gano daga yau ba mai toshe ta. Kar ka raina wannan. A watan Mayun 2017 WannaCry, wata muguwar manhaja mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta yi ɓarna a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila ta tsayar wa aiki, alhali Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris, mutane ne ba su sauke ba.

Abin yi yanzu shi ne ka shiga shirin ESU, wato ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro da Microsoft ya yi wa Windows 10. Dala 30 ne, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta idan ka yarda saitunanka su riƙa ajiyuwa a asusun Microsoft. Sai dai dole Windows ɗinka ta zama 22H2, kuma da aka sanar da shirin an ce a 13 ga Oktoba 2026 zai ƙare. Masu ce maka ka ɗora Windows 11 ta bayan gida, eh tana hawa, amma kamfanin ya ce bai yi wa irin waɗannan alkawarin sabuntawa ba. In kana shiga asusun banki da ita, ban ba ka shawara ba.

Maman Ilham:
Ni abin da ke ƙona min rai, kai ka biya kuɗinka, amma ranar mutuwar kayanka a hannun wani take. Kuma wallahi iyawa suke yi in sun ga dama. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a farkon 2024. Me ya hana tun da can? A ƙarshen 2017 sai da aka tsare Apple da hujja kafin ya amsa cewa yana rage wa tsofaffin iPhone gudu saboda batir. Nan take canjin batir ya sauko daga dala 79 zuwa 29, a 2020 kuma Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25. Tarayyar Turai ma doka ta kafa: daga 20 ga Yunin 2025, wayar da za a sayar a can sai ta samu sabuntawa aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da ita, kayan gyara kuma shekara bakwai. Ba sa motsi sai sun ga sanda.

Shi ya sa ni yanzu ba megapiksel nake fara tambaya ba. Sai in raba kuɗin waya da shekarun da aka ce za a kula da ita. Mai arahar da za a yi watsi da ita bayan shekara biyu, sau da yawa ita ce mai tsadar.

Abu Zaid:
Hajiya, a yi adalci dai. A watan Yulin 2015 Windows 10 ta fito, kyauta ma aka ba masu Windows 7 da 8.1, aka kuma yi shekara goma ana ɗawainiya da ita. Injiniyoyin nan albashi suke ci. Inda na yarda da ke shi ne yanke layin da aka yi a zubi na takwas, ya kwashe na'urori masu rai da yawa.

Maman Ilham:
Malam Abu Zaid, shekara goman Windows ce ta yi su, ba kwamfutar bawan Allahn nan ba. Irin tasa sai ƙarshen 2016 aka fara sayar da su, wasu ma sun daɗe a kanti kafin a saya.

Baban Hafsat:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, na ga wurin shiga ESU ɗin a Windows Update, zan yi rajista. Bayan Oktoba fa? Ina jin ana yabon Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, amma fayilolina na Excel nake ji.

Injiniya Sadiq:
Mint za ta gudu a kan wannan na'urar ba wahala. Sa ta a filashi ka tayar da kwamfutar daga can, ba sai ka goge komai ba. Ka buɗe fayil ɗinka mafi rikitarwa a LibreOffice Calc, takwaran Excel da ke zuwa tare da ita. Lissafi na yau da kullum zai buɗe lafiya, macro ne kan yi gardama, wato umarnin da ake rubutawa a fayil don ya riƙa yin aiki da kansa. Ka gwada firinta da kyamara da Wi-Fi tun a nan. In fayilolin sun ƙi, akwai Excel na intanet a burauza, kyauta ne, amma shi ma ba ya gudanar da macro. In aikinka ya dogara da su, to ka fara tara kuɗi, kuma ko ta hannu za ka saya, ka tabbata zubi na takwas ce ko sama da haka.