Tambaya ga masu manna biniya a jakar zuƙe iska: matsi yana zubewa

Assalamu alaikum, malamai kafintoci. Ga matsala nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Aikin shi ne manna biniya (siririn fallen katako) mai kaurin milimita 0.6 a kan MDF (allon da ake yi da garin katako da aka matse) na milimita 18, da farin gam. Ana sa aikin a cikin jaka a zuƙe iskar ciki don jakar ta matse shi. Jakar roba ce mai kauri, an shimfiɗa raga a saman aikin har bakin tiyo, injin zuƙar kuma kwamfuresar firij ce. Gejin auna matsi yana kaiwa bar 0.8 cikin minti uku, wato nauyin kusan tan takwas a kan kowace murabba'in mita. Amma da an kashe inji aka rufe bawul, sai ya sauko 0.4 cikin minti goma, biniyar kuma ta fito da kumburi a tsakiya.

An toshe bakin tiyon shi kaɗai, allurar gejin ba ta motsa ba, saboda haka laifin ba na bawul ba ne. Ruwan sabulu bai nuna komai ba, tunda in akwai rami a jakar, iska yake ja zuwa ciki, ba ya yin kumfa.

To yaya ake gano ɗan ramin? Ko iskar da ke cikin MDF ɗin ce take fita a hankali? In kuma aka bar kwamfuresar tana aiki awa biyu, ba za ta ƙone ba? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.