Shekara 11, 14 ko 18: wacce kotu ta sani a Bauchi?

Hedimistires: Assalamu alaikum jama'a. Wani saƙo ke ta yawo a wayoyin iyayen yara, wai a Najeriya idan yarinya ta kai shekara 11 ta ce ta yarda, doka ba ta da abin cewa ga namijin da ya kusance ta. Ni abin da na sani 18 ne, ko'ina a ƙasar nan, da aure ko babu aure. Masana shari'a na cikinmu, ku raba mana gardama.

Barista: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar 11 ba doka ba ce. Asalinta wani ƙudiri ne kan laifukan lalata da Majalisar Dattawa ta amince da shi a watan Yunin 2015, Sanata Chris Anyanwu ce ta kawo shi. Wani sashensa ya ambaci shekara 11, mutane suka ɗauka nan aka ja layi. Shugaban ƙasa bai sa masa hannu ba, don haka bai taɓa aiki a kowace kotu ba.

Amma taki maganar ma tana buƙatar gyara. Lambar 18 daga Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta fito. Sashe na 31 ya ce wanda ya sadu da yaro ko yarinya ƙasa da 18 ya yi fyaɗe, hukuncinsa ɗaurin rai da rai, kuma ba ya kare kansa da cewa ta yarda ko ya zaci ta girma. Sashe na 21 ya ce auren wanda bai kai 18 ba ba aure ba ne, na 23 ya sa tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5 ko duka biyun. Sai dai dokar tarayya ce, Abuja kaɗai take ci kai tsaye, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Tsohuwar Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa kuwa, sashe na 282, shekara 14 ta sani: ƙasa da haka, ko ta yarda ko ba ta yarda ba, fyaɗe ne. Sashen kuma ya cire miji da matarsa idan ta balaga.

Hedimistires: To ai Bauchi ma ta yi tata dokar kare yaran, Barista. Ba shi ke nan ta shafe 14 ɗin ba?

Barista: Ta yi, a ƙarshen 2023, shekara ashirin bayan ta tarayya. Duk wanda zai kai ƙara ya riƙe kwafin ta jiha a hannu, kada ya je da ta Abuja. Abu biyu zai fara dubawa: yadda ta fassara kalmar yaro, da abin da ta ce a kan aure, domin a nan ne jihohin Arewa da dama suka yi gyara kafin su amince. Sabuwar doka kuma ba ta share tsohuwa sai ta faɗi haka ƙarara ko sun ci karo.

Rajistaran kotu: Yallaɓai Barista ya faɗi abin da ke takarda. A aikace lambar da ta fi tasiri ita ce wadda ɗan sanda ya rubuta a takardar tuhuma ta farko. In ya rubuta sashe na 282 kuma yarinyar tana da 15, sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa ba ta yarda ba, lauyan wanda ake tuhuma kuma ya shiga tone-tone: me ya kai ta ɗakinsa, ta karɓi kuɗi ko ba ta karɓa ba. In da dokar yara aka shigar da ita, duk waɗannan tambayoyi ba su da gurbi. Sannan majistare ba ya yanke hukuncin laifin da ke da ɗaurin rai da rai. Tsare mutum yake yi, fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a a jira shawara, sannan Babbar Kotu. A wannan jiran shari'o'i da yawa ke mutuwa, shaidu sun gaji da kuɗin mota, dangi sun zauna an yi sulhu.

Malam: Ina neman afuwa, tun daga tushe nake da ja. Shekarun yarda magana ce ta al'ummar da ta ɗauka cewa idan baligai biyu sun amince, babu laifi. A Musulunci yarda ba ta halatta zina, ko mace shekararta 40. Abin da shekaru ke canzawa shi ne wa ake ɗora wa laifi: wadda ba ta balaga ba babu haddi a kanta, namijin ke ɗauka. Balaga kuwa a mazhabar Malikiyya da alamomi ake gane ta, haila, mafarki, ciki, tsirowar gashi. In babu ko ɗaya, sai a jira cikar shekara 18. Shafi'iyya da Hambaliyya 15 suka ce. Saboda haka ku raba abu biyu da kuke cuɗawa. Kare yarinya daga mazinaci, ku kai shi 18, ku ƙara ma, ina bayanku. Haramta auren da uba ya ɗaura bisa shari'a, wannan wata magana ce dabam.

Barista: Allah ya gafarta Malam, ashe 18 ɗin ma tana cikin littattafanmu.

Malam: Tana ciki a matsayin iyakar ƙarshe ga wadda alama ba ta bayyana mata ba, Barista. Kada a juya ta ta koma mafari. Kuma tsarin mulkinku ya san da haka, sashe na 29 ya ce matar aure baliga ce.

Barista: Nan kam akwai kuskuren da ya daɗe yana yawo. Sashe na 29 a kan ajiye zama ɗan ƙasa yake magana. Ƙaramin sashe na 4 ya ce cikar shekaru 18 ce, sannan matar da ke da aure a ɗauke ta ta cika, amma don wannan batun kaɗai. Shi ne aka so cirewa a Majalisar Dattawa a watan Yulin 2013, Sanata Ahmad Sani Yarima ya ja, aka sake ƙuri'a ba a samu kashi biyu cikin uku ba. Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangarenku tana wani wuri: abu na 61 a jerin ikon tarayya ya ba Majalisar Ƙasa ikon yin doka kan aure ban da na Musulunci da na gargajiya. Shi ya sa Abuja ba za ta sa mana lamba ba. Amma majalisar jiha za ta iya, kuma nan ne muhawarar take.

Ungozoma: Malam, Allah ya ƙara lafiya, ina so mu tsaya a kan haila, don a kanta ake cewa yarinya ta isa. Haila ta farko alama ce cewa jiki ya fara shirin fitar da ƙwai, ba alama ce cewa ƙugu ya gama faɗi ba. Ƙashin ƙugu yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan haka, kuma yarinyar da ta tashi da ƙarancin abinci tata ta fi jinkiri. Idan kan jariri ya fi hanya, naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, kan yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Shi ne yoyon fitsari, kuma galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Ba banza aka kafa cibiyar tarayya ta wannan ciwo a Ningi ba. Ga jijjiga, wadda ta fi kama masu cikin fari ƙanana, ga ƙarancin jini.

Malam: Hajiya, ai manyan mata ma suna samun yoyon fitsari.

Ungozoma: Suna samu ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Abin da ke kawo shi kai tsaye doguwar naƙuda ce ba tare da an yi tiyata a kan lokaci ba, mai haihuwa ta takwas ma tana iya faɗawa. Amma 'yar 14 haɗari biyu ta tara. Hanyarta ƙarama ce, kuma ba ta da bakin cewa a kai ni asibiti. Cikin fari ne, kunya ta hana ta ko da nishi, sai an jira izinin miji ko na uwar miji.

Malam: Wannan kuwa fiƙihu bai bar shi ba. Malamai sun raba ɗaurin aure da tarewa, ba a miƙa yarinya sai ta zama mai iya ɗaukar zaman aure, kuma cutarwa abin gusarwa ce. Wanda ya tare da wadda jikinta bai kai ba ya saɓa, ko da aurensa ya ɗauru.

Dakta: To wa ke aunawa, Malam? Uban da ya karɓi sadaki, ko angon da ke gaggawa? Lamba a doka amfaninta ke nan, tana cire hukunci daga hannun mai buƙata. Kuma kada a ɗauka Turawa da 18 aka haife su. A Ingila lambar shekarun yarda 12 ce tun 1275, ta koma 13 a 1875, sannan 16 a 1885. A wajajen 1880 yawancin jihohin Amurka 10 ko 12 suke. Sifen sai 2015 ta tashi daga 13 zuwa 16, Japan sai 2023. A Indiya an ɗaga daga 10 zuwa 12 a 1891 bayan wata yarinya ta mutu a hannun mijinta. Tsofaffin dokokin nan budurcin 'ya suke karewa a matsayin dukiyar uba. Da aka fara kallon yarinyar ita kanta, jikinta da karatunta, lambar ta hau. Ƙasashen Musulmi ma sun bi: Daular Usmaniyya a 1917 ta sa shekarun aure 18 ga namiji, 17 ga mace. Maroko, 'yan Malikiyya irinmu, sun sa 18 a 2004, suka bar wa alƙali ikon ba da izini a ƙasa da haka in ya bincika.

Mai Unguwa: Ranku ya daɗe, kuna ta lissafin ƙasashe, ku sauko ƙauyukan Ganjuwa da Darazo. Uban da ke aurar da 'yarsa a 15 ba maƙiyinta ba ne. Ta gama firamare, ƙaramar sakandare tana da nisa, babu kuɗin mota, babu katanga, malamai maza ne. Abin da ya rage talla ce, tasha da kasuwa da bakin shaguna har bayan magariba. Tsoronsa ɗaya ne, kada ta kwaso abin kunya. In kun ce kada ya aurar har 18, shekara ukun nan a ina za ta yi su? Bauchi tana da dokar hana cire 'ya mace daga makaranta don aure tun shekarun 1980. Doka ba ta rasa ba, ajin da za a zaunar da yarinyar ne babu.

Hedimistires: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ranka ya daɗe, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 shekara 9 ta wajabta kyauta, wanda zai kai yarinya kusan 15. Amma ina da ƙorafi a kan zauren masu unguwa. Idan aka lalata 'yar talla, sau da yawa a nan ake kashe maganar da sunan rufin asiri, a karɓi kuɗin magani, wani lokaci ma a ce ya aure ta. Asirin wa aka rufa? Shi ya koma shagonsa, ita ta bar makaranta.

Malam: Aurar da yarinya ga wanda ya yi mata fyaɗe don a rufe magana ba shari'a ba ce. A Malikiyya haddi na kansa, ga sadakin irinta da zai biya, in hujjar haddi ba ta cika ba alƙali na da ta'aziri.

Barista: Sai dai a kula, Malam. A mazhabar, cikin da ba na aure ba hujja ce a kan mace sai ta kawo alamar tilas. 'Yar 15 da ta balaga tana iya shiga kotu mai ƙara ta fito abar tuhuma, shi kuwa ya musanta ya tafi. Shi ya sa zaɓen kotu da sashe ba ƙaramin abu ba ne. Dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, ta 2015 ta ƙara wani abu da Final Kod ba ta da shi: ta san ana yi wa yara maza fyaɗe, kuma a ta tarayya mafi ƙarancin ɗauri shekara 12 ne.

Ungozoma: Tunda iyaye na karantawa, ga abin yi idan ta faru. Asibiti tukuna, a ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120, amma gara da wuri. A nemi allurar ciwon hanta da maganin cututtukan sanyi. Kada a yi mata wanka ko a gasa ta da ruwan zafi kafin likita ya duba, wannan gashin da ake yi don tausayi shi ke wanke shaida. Kayan da ke jikinta a naɗe a takarda, ba leda ba, leda na riƙe damshi ta lalata abin da za a gwada. A tabbata likita ya rubuta rahoto da kwanan wata da sa hannu.

Rajistara: Ƙari biyu. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 209, ta ce yaro ƙasa da 14 ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai da abin da ya ƙarfafa ta. Rahoton likitan nan shi ne ƙarfin. Na biyu, duk gardamar 14 da 18 ba ta da amfani in ba a iya tabbatar da shekarun ba. Takardar rantsuwar da aka yi bayan abin ya faru lauya na rusa ta cikin minti biyar. Hoton ƙashin hannu kimantawa yake yi, yana iya kaucewa da shekara ɗaya ko biyu, kuma shakka wanda ake tuhuma take amfana. Abin da ke tsayawa shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, katin rigakafi, ko rajistar shiga aji ɗaya.

Malam: A kan kare yara daga mazinata da yi musu takardar haihuwa, za mu faɗa a mumbari. A kan aure ina nan a kan bakana: kada a kira auren da ya cika sharuɗɗa ɓatacce. In majalisa za ta sa lamba, ta bi hanyar Maroko, tarewa a ƙasa da ita sai alƙali ya ji daga bakin yarinyar, likita mace ta duba.

Barista: In za a bi ta, a sa ƙasan da alƙali ma ba zai sauka ba, 16 misali. A Maroko ɗin ƙofar izinin nan ta zama babbar hanya, alƙalai na amincewa da mafi yawan buƙatun da aka kawo musu.

Hedimistires: Rajistara, rajistar makarantar da aka rubuta shekara kawai babu wata da rana, kotu na karɓa?

Rajistara: Tana karɓa, Hajiya, amma a zo da littafin na asali, ba hoto ba, kuma wanda ke riƙe da shi ya zo ya ba da shaida da bakinsa.