Ina Za Mu Samo Kuɗin Riƙe 'Yan Badujalarmu a Jos?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 3 ke nan muna koya wa yaran unguwarmu, Nasarawa Gwong, kiɗa da busar badujala duk Asabar. Muna son su yi wasa a bainar jama'a a hutun Disamba, amma kuɗin hayar zaure da lasifika ya gagare mu, ga ƙaho biyu sun lalace. Karo-karon iyaye kuwa, da ƙyar yake sayen fatar ganga.

Mun kai wa wani kamfani takardar neman tallafi, suka ce sai mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, mun buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Don Allah wanda ya taɓa yi, amintattu (trustees) nawa ake buƙata wajen rajistar, kuma wata nawa yake ɗauka? Ko mu sa wa 'yan kallo kuɗin shiga kawai?