Ɓari uku a jere, likita ya ce a auna jinina

Maman Nana: Salamu alaikum ƴan uwa, daga Birni nike nan Damagaram. Ciki uku ke nan yana zube mini, ba wanda ya kai wata uku, har uwar mijina ta fara aiko rubutu cikin kwano wai iska ce. Jiya likita ya rubuta mini analiz ɗin antifosfolipid, mi ne ne shi don Allah?

Anti Zango: Allah sarki ƙanwata, sannu. Ni ungozoma ce a asibiti. Awon jini ne na neman wani ciwo inda sojojin jiki ke ɓatan kai su sa jini ya riƙa daskarewa cikin jijiyoyin mabiyiya, sai abin cikin ya rasa ci. Amma awo ɗaya bai isa ba fa, sai an sake bayan sati 12 in ya kuma nunawa sannan a tabbatar.

Ummi: Yayata wannan ciwon gare ta, aka sa mata ƙaramin asfirin da allurar hefarin mai hana jini daskarewa kullum a fatar ciki, ta sha kuka da tsadarta a farmasi amma ga yaronta can yana rarrafe.

Maman Nana: To in fara shan asfirin tun yanzu?

Anti Zango: Kul! Kai sakamakon wurin likitanki tukuna.